Na Kulle Wayifai da Hannuna

Yaya Dela,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna, ya yara? Allah ya sa kuna lafiya.

Ranar Juma'a na gano abin da ke katse mana waya duk sanda Inna ta fara min addu'a. Ashe tun zaman makokin maigidana Malam Ɗalha, da masu ta'aziyya suka dami ƙaninsa da tambayar lambar wayifai, sai ya cire makullin gaba ɗaya. Tun lokacin maƙwabtanmu na nan unguwar Deptford suke ta sha a ɓagas, ni kuwa ina zargin layin Kano.

Yaya, da hannuna na kulle shi! Saudatu, nas ɗin da ke samanmu, ta ce, “Anti, juya akwatin wayifai ɗin, komai yana rubuce a gindinsa.” Na shiga ta wayata, na danna inda aka rubuta WPA2, wato makullin, na sa doguwar lamba. Da can wannan aikin Malam ne, ni ko ƙurar akwatin ba na gogewa. Jiya na gwada kira, hoto tar, bai tsaya ba. Ki kai wa Inna waya ranar Lahadi, ta yi addu'arta har ta shafa.

Lafiyata ƙalau, takaba ta kusa ƙarewa. Gidan ne dai ya yi shiru.

Wayata da talabijin duk na haɗa su da wayifai ɗin. Saura wayar Malam, wadda har yanzu nake sa wa caji. Ban san lambar buɗe ta ba, ita ce ban haɗa ba.

Ƙanwarki,
Jidda