Mai-toka Ba Ta Cin Gero

Talata, 8 ga Afrilu

Kwana sittin da takaba. Iyakata zaure. Ni da tsuntsayen nan biyu da maigidana Alkasim ya kawo daga duwatsun Jos a tafiyarsa ta ƙarshe, Allah ya jiƙansa. Cewa ya yi duk kanari ne, iri ɗaya. Ban musa ba, ban taɓa kallonsu sosai ba.

Jumma'a, 11 ga Afrilu

Ba iri ɗaya ba ne. Mai-rawaya da baƙin zane a gefen baki kamar gashin baki, kukanta a gaggauce, tana yi tana tsalle. Mai-toka ta fi ta kaurin baki, ƙirjinta da ɗigo-ɗigo, kukanta dogo, sai ta tsaya cik kafin ta fara. Mai-rawaya na cin geronmu. Mai-toka sai accar da Alkasim ya zo da ita.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Acca ta ƙare. Zafi.

Laraba, 23 ga Afrilu

Kwana uku Mai-toka ba ta yi kuka ba, baki buɗe. Na jiƙa zane na rufa wa kejin. Na ce wa Munir, ƙanen maigidan, a mayar da ita Jos. Ya yi dariya: "Yaya Dije, tsuntsu ma sai an yi masa rakiya? Kayan gado ne, kar a taɓa. Za ta saba, ke ma ai nan za ki ci gaba da zama." Na ce to. Kayan magada ne, gaskiyarsa. Amma in ta mutu a hannuna, wa za a tambaya gobe kiyama?

Asabar, 26 ga Afrilu

Na aika A'i maƙwabciyata wurin liman: a sa Mai-toka cikin rabona. Ya yarda. Zubairu, abokin marigayi, kamiyonsa, babbar motar kaya, zai tafi Jos ɗauko dankali. Ta bayan labule na miƙa masa kejin. "Malama, a ina zan sake ta?" Na ce inda ya fara jin sanyi.

Litinin, 5 ga Mayu

Zubairu ya dawo, ya ce da ya saki Mai-toka ko waiwaye ba ta yi ba. Mai-rawaya na nan, tana cin geronta, tana kukanta. Ita wurin nan ya karɓe ta.

Saura kwana arba'in da uku. Na tambayi A'i wace rana motar Mallawa ke tashi, ta garinmu. Tambaya kawai na yi.