Buhu Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jikokina masu cinye mini aljihu. Mu ma da sauƙi, sai dai kan tsohonki ya sha ɗinki huɗu.

Tun bara na ji ana raɗe-raɗin cewa buhunan da kamfanin sayen wake yake buga wa lambar kowane manomi, ana fitar da wasu babu komai a ciki ta ƙofar bayan sito, 'yan kasuwa su cika su da nasu. Na ce surutun masu zaman inuwa ne. Lambar nan ai don a san gumin kowa aka yi ta.

To, ranar Talata kamfani ya dawo da mota guda, wai an sami maganin ƙwari a waken, sun daina sayen na ƙungiyarmu ta manoma kaf. Aka duba buhun, arba'in da ɗaya. Lambar yayanki ce, mutumin da ko sauro ba ya fesa wa magani.

'Yan ƙungiya ba su tambaye shi komai ba. A masussuka suka same shi, da sandunan da suka zo taya shi aiki da su makon jiya. Suka kayar da shi, suka yi ta jibga har ƙaiƙayi ya rine. Hannunsa na dama ya karye biyu, haƙora uku sun tafi. Na faɗa kansa ina kiran sunayen iyayensu, wani da na yi wa huɗuba da bakina ya ba ni rabona a ƙeya. Daga nan suka cinna wa rumbunsa wuta.

Yana kwance, kuma an ce idan ya tashi ya bar garin. Jibi ƙungiya za ta zauna, ni kaɗai ke da abin da zai wanke shi, kuma zan faɗa. Na so ki fara ji daga gare ni, domin maganar buhunan nan gaskiya ce. Wanda ya faɗa mini ita na ƙarshe, jiya, durƙushe a zaure ya kasa ɗaga ido, mijinki ne. Makullin ƙofar bayan a hannunsa yake.

Innarki tana gaishe ki. Ki yi mana addu'a.

Naki,
Mahaifinki