Inji Mai Doki Dubu

Shimotsuma, Oktoba

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyin Nagaoka, ya gwiwar taka? Na rubuto ne tunda ƙarar injuna ta cinye maka kunne, waya sai dai ta yi ta kuka.

Motar ta haɗu, saura inji. Gasar tseren motocin a Fabrairu take, irin wadda agogo ne alƙali. Ni mai silinda shida nake so, mai ƙarfin doki ɗari bakwai da 'yan kai, ƙarfin na zuwa daidai yadda aka taka. Tatsunori ya kafe sai mai silinda huɗun nan mai ƙaton turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, doki dubu. Ka fi ni sanin halin injin nan: ya yi lamo, sai an shiga tsakiyar kwana ya yi harbi.

Jiya muna cin abinci na ce masa, "In ba mu karya tarihin filin tseren bana ba, ai baɗi na nan." Ya ture kwanon shinkafarsa ya ce, "Ke da kike zaune a inuwa da agogo a hannu, me kika sani?" Baba, tunda muka yi aure bai taɓa yi mini magana haka ba.

Kai za ka haɗa injin, kai za ka raba gardamar. Ka huta lafiya.

'Yarka, Chizuru

Nagaoka, Oktoba

Chizuru,

Na gaishe ki. Gwiwa tana nan, ba ta je ko'ina ba.

Injunan duka biyun suna rumfata a lulluɓe. Mai shida zai dawo miki da miji da mota. Mai huɗu zai iya karya tarihin, in direba na da ƙafa mai ladabi da ido kamar na shaho. Mijinki yana da su, shi ya sa na ba shi ke. Abin da ban gane ba shi ne gaggawar. Mutumin da ke auna iskar taya sau uku, yaushe ya zama ɗan caca?

Ki ci abinci. Sai na ji daga gare ku.

Babanki

Shimotsuma, Nuwamba

Zuwa ga Baba Shigeo,

Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka gafarce ni da na rubuto ba da sanin Chizuru ba.

Idona na dama yana mutuwa daga gefe. Gabana garau nake gani, amma abin da ke gefen dama sai na juya kai. Likita ya ce ba ya dawowa. A watan Maris ake sabunta takardar tsere, kuma ba zan tsallake gwajin ido ba. Fabrairu ce tawa ta ƙarshe. Da mai shida zan zo na uku ko na huɗu, a tafa mini, a manta. Filin nan na san shi kamar tafin hannuna, ko ido rufe zan zagaya shi.

Ina roƙonka ka haɗa mini mai doki dubu, ka kuma rufa mini asiri har a gama.

Naka cikin ladabi, Tatsunori

Nagaoka, Nuwamba

Tatsunori,

Na gaishe ka, sannu da wannan jarrabawa. Na karanta takardarka.

Kwanar ƙarshe ta filin nan doguwa ce, kuma dama take lanƙwasa. A nan turbo zai farka, a nan gindin motar zai nemi wuce kanta. Ka san filin, na yarda. Ka san inda wani zai zubar da mai a ranar? Ka san inda mai tutar gargaɗi zai tsaya?

Ba zan ɗauki sifana ba, ba kuma zan yi wa 'yata ƙarya ba. In ta tambaye ni, zan faɗa. Gara ta ji daga bakinka.

Shigeo

Shimotsuma, Disamba

Baba,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Ashe ka sani, Tatsunori ya ce ya rubuto maka.

Ranar Asabar mun kai tsohuwar motarmu filin don gwaji. Yana fitowa daga doguwar miƙa, wata jar mota ta taso ta damansa, mai tuta yana ta kaɗawa kamar zai tsinke hannu. Tatsunori ya karya sitiyari kanta kai tsaye. Na ji ƙarar birki, na ga hayaƙi, jar ta faɗa ciyawa tana juyi. Tsakaninsu bai fi kaurin hannu ba. Direbanta, uban yara biyu, ya taho yana ihu: "Kai makaho ne?"

Tatsunori ya fito daga motar. Ya cire hular kwano, ya sunkuya masa har ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba.

A hanyar gida ni na karɓi tuƙi. Na ce, "Tun yaushe?" Ya ce, "Tun bazara." Na ce, "Da so ka yi in ji a bakin masu motar asibiti?" Ya ce, "So na yi ki ga sunana a saman allo sau ɗaya." Sai da na tsaya a gefen hanya, na kashe motar.

Tun ranar a gareji yake wuni, yana zaune cikin motar da ba inji. In na kai masa shayi sai ya yi sanyi. Ban san me zan ce masa ba. Kada ka taɓa ko ɗaya cikin injunan.

Chizuru

Shimotsuma, Disamba

Baba Shigeo,

Gaisuwa da ban haƙuri.

Ka haɗa mai doki dubu. Chizuru ta yarda. Ba ni zan tuƙa ba, na mayar da takardar tserena jiya.

Ta ce ni zan zaɓi direban, ni zan koya masa kwanar ƙarshe. Mutum uku na kira. Har yanzu na kasa barin ko ɗayansu ya zauna a kujerar.

Naka, Tatsunori