Minti Ɗaya na Shiru Domin Dattijo Wiebren Talsma

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Masu Rediyon Sha'awa ta Gaɓar Dokkum ta samu labarin rasuwar Shugabanta na Girmamawa, malamin malamanmu, Injiniya Dattijo Wiebren Talsma, wanda ya cika ranar Talata a gidansa yana da shekara tamanin da ɗaya.

Shekara arba'in da huɗu marigayin ya yi yana koyar da masu neman lasisin magana ta rediyo kowace Alhamis, bai taɓa karɓar komai ba sai kofi. Duk wanda ya zauna gabansa ya san ƙa'idarsa: ka saurara kafin ka yi magana, ka tambaya ko akwai mai amfani da zangon, ka faɗi lambar kiranka, kada ka ƙara wa na'ura ƙarfi idan kaɗan ya isa. In ka kawo masa haɗin waya na ganganci, sai ya ɗaga shi sama ya ce, "Ɗana, kai ka liƙa wannan ko tsuntsu ne ya yi kashi a kai?" Sannan ya ja kujera ku warware shi tare, ko da za a wuni.

Akwai abin da ba zan rufe ba, ko da kwamiti ya so in rufe. Tun da ciwo ya sa muryarsa rawa, wani mara kunya yake shiga zangonmu duk Lahadi ba lambar kira, yana fito, yana kwaikwayon tsohon. Mun bi siginar da eriya har layin mai fiton, har ƙofar gidansa. Na rubuta ƙara zuwa hukuma, Dattijo ya karɓe takardar ya sa a aljihu. Ya ce, "Kai dai bakinka ya fi na'urarka zafi. Mutumin nan ya iya haɗa kaya, tarbiyya ce ba a ba shi ba. Bar mini shi." Sau uku yana aika masa gayyatar aji.

A madadin Shugaba da ɗaukacin 'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyya ga Uwargida Sjoukje Talsma, da 'ya'yansu Auke da Rixt, da jikoki, muna roƙon Allah ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Ranar Lahadi da ƙarfe sha ɗaya na safe, bisa al'ada, za a kira lambar marigayin sau uku a iska, sannan kowa ya saki makirfo na minti ɗaya. Uwargida Sjoukje za ta saurara daga ɗakinsa, a na'urarsa. Kai mai fito, aji na nan ranar Alhamis, an ajiye maka kujera domin Dattijo ne ya nemi haka. Amma in ka taɓa minti ɗayan nan, ka sani mai karɓe mini takarda ya tafi.

Sa hannu:
Jelmer Wijbenga
Kakakin Ƙungiya