Hannun Hajiya Gulsum

Talata, 20 ga Agusta, 2013

Yau ma Hajiya Gulsum ba ta ci komai ba. Na dafa karas da dankali na markaɗe kamar yadda likita ya ce, ta kalli kwanon, ta kalle ni, ta juya fuska wajen taga. Shekara huɗu ke nan ina kula da tsohuwar nan a unguwar Queens ta Amurka, ban taɓa ganin ta rame haka ba. Zobenta har zamewa yake yi.

Da yamma ɗanta Levent ya zo. Wai ta dame shi da zancen ƙauyensu a Turkiyya, tana so ta gan shi kafin ta mutu, shi kuma aiki ba zai bar shi ba. Ko zan raka ta na 'yan makonni? Ya ce, "Damata, ki kai ta, ki dawo min da ita. Kar ki bari danginta su riƙe ta." Ai ko bai faɗa ba. In ta zauna can, nawa aikin ya ƙare. Gida ɗaya, mutane masu mutunci, ba kullum ake dacewa da irinsa a garin nan ba.

Lahadi, 1 ga Satumba

Gobe tafiya. Sherifa, abokiyar zamana a nan Morrisania, ta cusa min kwalbar shito, soyayyen yajinmu na gida, a jaka, wai kar in mutu da yunwa a ƙasar da ba su san yaji ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Mun iso tun shekaranjiya, sai yau na samu kaina. Ƙauyen yana can bayan Konya, tsakanin duwatsu, ga bishiyoyi dogaye a bakin rafi. Kowane gida an jera tattasai a zare an rataye, kan soro kuma an shanya tumatir. Da asuba sanyi, da rana ƙuna.

Mun sauka gidan ƙanwarta, Emine, gajeriya mai murya kamar tana kiran wani a ƙetaren kogi. Ta rungume ni ta sumbace ni kunci biyu tun kafin ta san sunana. A ƙasa ake cin abinci, tire ɗaya babba, kowa ya ja gefen shimfiɗa ya rufe gwiwa. Barzajjiyar alkama da man shanu, wake, kindirmo, da wata miya mai ɗan tsami da ake damawa daga busasshen gari. Na ci har na ji kunya. Emine kalma ɗaya take ta maimaita min, Hajiya ta ce ma'anarta "ci".

Hajiya ta so ta zauna ƙasa da su. Na hana. Na ajiye ta a kekenta na guragu na ba ta nata a cokali. Loma biyu ta yi.

Asabar, 7 ga Satumba

Shayi, shayi, shayi. Cikin 'yan ƙananan kofunan gilashi masu ƙugu. Ban buɗe shiton Sherifa ba.

Litinin, 9 ga Satumba

Yau na yi abin da har yanzu ban gane laifinsa sosai ba.

Matan unguwa sun taru a tsakar gidan Emine don yin gurasar da za a ci lokacin sanyi. Yufka suke kiranta. Haka suke yi duk shekara, yau gidan wannan, gobe gidan waccan. Wasu na cuɗa ƙullu, wasu na murza shi da wata siririyar sanda har ya yi faɗin faifai, ya yi siriri kana hango yatsunka ta ciki, wata kuma na gasawa a kan ƙarfe mai doro. Na shiga ɗaki ɗauko maganin Hajiya. Ina fitowa na tarar ta sauko daga keke da kanta, ta miƙe ƙafa a ƙasa, sanda a hannu, gari har gwiwar hannu.

Na ruga na karɓe sandar. To me zan yi? A zangonmu na Kumasi in aka ga tsohuwa na aiki kana tsaye, ba kai za a zaga ba, uwarka za a zaga. Na ce, "Hajiya, ki huta, ni zan yi." Har da murmushina.

Emine ta taso ta zare sandar daga hannuna, ba faɗa, ta mayar wa yayarta, ta faɗi wata magana tana kallona. Hajiya ba ta fassara ba. Na koma gefe na zauna a bakin rijiya, raina a ɓace. Ni da na tsallako duniya don in kula da ita.

Talata, 10 ga Satumba

Na matsa wa Hajiya sai da ta faɗa min abin da Emine ta ce. Da guntun Turancinta: a nan ba a karɓe sanda a hannun mace sai ranar da za a wanke gawarta.

Na ce a wajenmu girmamawa ce. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta taɓa yi min magana ba. Sai ta shiga lissafa min a yatsu abubuwan da na karɓe mata: wuƙa, tsintsiya, tukunyar shayi, allura. Tana yi tana dariya. Ni ban yi ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

An koma gidan maƙwabta da aikin gurasa. Na zauna na harɗe hannuwa, na ce bari in gani. Hannun da ke karkarwa in ya riƙe cokali a Queens, yau ya murza gurasa ta fi ta kowa siriri. Tana yi tana yi wa matan faɗa, wannan ta cika gari, waccan wutarta ta yi yawa. Ashe masifaffiya ce! Shekara huɗu ina zaune da ita ina cewa Allah ya yi ta mai haƙuri.

Sun ba ni na gwada. Tawa ta fito da huji uku da wani irin kunne a gefe, suka yi ta ɗaga ta suna nuna wa juna. Duk da haka aka gasa, aka zuba cuku da ganye aka naɗe, aka ce ni zan cinye abata.

Suna da wata al'ada. In an gama ci, sai kowa ya juya ga wadda ta yi girkin ya ce Allah ya ba hannunki lafiya. Yau Hajiya aka ce wa. Ta sunkuyar da kai tana kakkaɓe gari a siket, ta daɗe tana kakkaɓewa. Gurasa biyu ta ci, da kindirmo, a ƙasa, da hannunta.

Keken kuma an ɗora masa buhun gari an tura gida na gaba. Na ƙyale su.

Lahadi, 15 ga Satumba

Hajiya ta ce min ba za ta koma ba. Muna ɓare wake ta faɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce Levent ba zai saurare ta ba, zai ce rikicin tsufa ne, amma ni zai saurara.

Gaskiya tsoro nake ji. In na ce masa akwai sanyi, asibiti da nisa, magani zai ƙare, duk ba ƙarya na yi ba, kuma gobe zai sa a ɗauko ta. Na kira Sherifa, ta ce, "Ke, kar ki yi wauta. Job ɗinki fa! Wa zai biya miki rent, mutanen village?" Ita ma ba ƙarya ta yi ba.

Laraba, 18 ga Satumba

Levent ya kira bayan la'asar. Sai da na hau soro, nan ne kawai waya ke kamawa, na tsaya cikin tumatirin mutane. Na shirya zancen sanyi da asibiti tsaf. Ya ce, "Yaya take? Tana cin abinci?"

Na ce tana ci. Na ce jiya ta taka da ƙafarta har kabarin babansa ta dawo. Na ce akwai ma'aikaciyar jinya a garin da ke kusa, na je na gan ta, na nuna mata magungunan. Daga nan bakina ya ƙi tsayawa. Na ce, "In ka ce in dawo da ita zan dawo da ita, amma abin da zan kawo maka ba zai daɗe ba."

Sai ya ce, "Girki take yi? Da kanta?" Na ce e. Ya ce rabonsa da cin gurasarta tun yana saurayi. Ya ce zai zo da Babbar Salla.

Na sauko na tarar an zuba min shayi ya huce.

Talata, 24 ga Satumba

Filin jirgin JFK, ni kaɗai. Jakata cike da gurasa da garin miya, Emine ta ɗaure da igiya kamar za a kai kasuwa. Da za mu rabu Hajiya ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta kama hannuwana biyu ta jujjuya su, ta ce suna da kyau, sai dai sun cika sauri.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Har yanzu ba aiki. Ofishin da ke samo mana aiki sun ce in jira, wataƙila akwai wani tsoho a Harlem. Sherifa ta daina yi min faɗa, ta koma cin gurasar da shito.

Uwaisu ƙanena ya kira daga Kumasi da ƙara. Wai Mma ta sake fitar da kaskonta, tana soya ƙosai a ƙofar gida da safe, mutane na cewa ga 'yarta a Amurka ta bar ta tana wahala. Ya ce in yi mata magana, ni kaɗai take jin tsoro. Shekara nawa muna wannan rigimar da ita, har kaskon na taɓa sa ya ɓoye.

Ya miƙa mata wayar. Na ji tana jan numfashi, ta shirya wa faɗa. Na gaishe ta, ta amsa a gajarce. Na ce, "Mma, waken bana yana tashi kuwa?"

Sai ta ce wa ya mutu. Na ce ba kowa, tambaya kawai na yi.

Har katin wayar Uwaisu ya ƙare tana ba ni labarin wake.