Waɗanda Suka Gyara Mana Rufi

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna?

Na ji kana yaɗawa a Damagaram wai na sayar da addinina, don Kiristoci 'yan ɗariƙar Menonait sun gyara mana rufi. Da itace ya faɗo mana kan gida a McLeansville, nan Amurka, abokinka Alhaji Sani na fara kira. Ya ce, "Hadiza, ina aiki." Su kuwa kwana uku suna gyara, suna ciyar da yaran unguwa. Tsohuwarsu har tambayata ta yi, "Me yaranki ba sa ci?" Ba wanda ya kira ni coci.

Ranar Asabar zan taya su girki. Wannan ma ka yaɗa.

Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Taka kuwa, riƙe abarka.

Ƙanwarka,
Hadiza