Gumin Murfin Akushi

Numasawa, 26 ga Yuli, 2004

Zuwa ga ƙanwata Mitsue,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan zafin bana bai hana ki sakat ba. Mu nan gyare ya cika mana kunne, shinkafa ta fara fitar da kai, gwiwata kuma tana nan da mugun halinta.

Ashe jikanki Kohei yana cikin sojojin da za a tura Iraƙi, ni ce ta ƙarshen ji? Sai da 'yarki Harumi ta biyo ta nan da kankana take faɗa mini, a zatonta na sani. Naki ne, ban musa ba, amma ni ma na share masa majina lokacin da uwarsa take kawo shi hutu.

Magana biyu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta farko, likita da mutanen ofishin ƙauye sun haɗa baki sun samo mini gado a gidan tsofaffi a cikin gari. Ƙarshen Oktoba, kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, zan kulle gidan nan. Ke nan sha biyar ga Agusta mai zuwa, ranar tunawa da ƙarshen yaƙin duniya na biyu, shi ne karo na ƙarshe da zan dafa hittsumi, romon nan na ƙullun alkama, a murhun Inna. Ki zo mu ci tare. Awa biyu ne a jirgin ƙasa. Shekara arba'in da bakwai rabonki da sa loma a bakinki a gidan nan, ko ranar jana'izar Inna a tsaye kika sha shayi kika juya. Ina so in gan ki zaune da kwano a hannu kafin in miƙa makulli.

Ta biyu, ina kwashe kaya na ci karo da jan akushin Yaya Seikichi. Kina da shekara takwas lokacin, amma na san kin tuna farantin matafiyi: kullum Inna ta zuba masa rabonsa da zafinsa, ta rufe, ta ajiye yana kallon inda aka kai shi yaƙi. In an jima ta ɗaga murfin. In ya yi gumi, yana raye. Zan aiko miki da shi ki riƙa zuba wa Kohei.

Ki gaida Harumi. Ki riƙa shan ruwa, ke ma ba yarinya ba ce yanzu.

Yayarki,
Tokie


Aomori, 3 ga Agusta, 2004

Yaya Tokie,

Na samu takardarki, na gode. Ina fatan gwiwar da sauƙi. Shawarar likita daidai ce, gidan ya yi miki girma.

Kohei ba yaƙi zai je ba. Tace ruwan sha za su yi da gyaran makarantu, wata uku su dawo. Haka aka bayyana mana a barikinsu. Saboda haka kada ki wahalar da kanki da aiko akushi. Ba ni da wurin ajiye shi, kuma ba na irin waɗannan abubuwan.

Ranar sha biyar ba zan samu zuwa ba, a satin za su tashi. Ban da haka, kin san hittsumi ba ya zama a cikina.

Harumi ta ce har yanzu ta ga faranti a rufe a gefen tagarki. Yaya, shekara sittin fa. Ki bar Yaya Seikichi ya huta, ke ma ki huta.

Ki kula da kanki.

Mitsue


Numasawa, 17 ga Agusta, 2004

Mitsu,

Ina gaishe ki, ko da yake takardarki ta fi kama da ta ofishin haraji. An gama bikin dawowar magabata, na share kabarin Inna da na Baba, na zuba musu ruwa da sunanki.

Na yi hittsumin. Tun da safe na kwaɓa garin alkama na bar shi ya huta, na sa kaza da karas da albasa, na riƙa yagar ƙullun da yatsu ina jefawa a romo yadda Inna take yi, falle-falle. Tsune maƙwabciyata ta zo, da tsoho Rikizo, wanda ya yi shekara uku a tsare a Saibiriya. Da rana ta take tsaka aka busa jiniya, muka miƙe don yin shiru na minti ɗaya na tunawa da waɗanda yaƙi ya ci. Kafin Rikizo ya gama miƙewa mintin ya ƙare.

Yana ɗaga cokali ya ce, "Ke Tokie, wannan ai na biki ne, ba na yaƙi ba. Har da kaza? A zamaninmu in ka leƙa kwano fuskarka kake gani."

Tsune ta ce, "To ajiye mana, in dama maka dusa da ruwan gishiri, ka tuna da kyau."

"Wa ya ce miki zan ajiye? Ƙaro min."

Kwano uku ya tashi da su. Da na ba shi labarin Kohei sai ya ce, "A gaya wa yaron ya riƙa canza safa. Ƙafa ce ke fara lalacewa."

Tsune ta ce, "Can hamada ce, tsoho, ba ƙanƙara ba."

Ya ce, "Ƙafa dai ƙafa ce." Daga nan ya fara kiran sunayen waɗanda suka fita yaƙi daga ƙauyen nan tare da shi, yana lanƙwasa yatsu. Da ya zo kan Yaya Seikichi bai lanƙwasa ba, ya riƙe yatsan kawai.

Ƙarfe biyu duk sun tafi. Kwano huɗu na fito da su, uku na wanke. Na zauna har inuwa ta juya, ba abin da ke motsi a gidan sai agogo. Kaɗaici na ji, Mitsu, irin wanda ban saba faɗa ba.

Akushin na riga na ba mai kai saƙo. In ba ki da wuri, ki sa shi a kan talabijin. Maganar farantin gefen taga kuma ki bar ta, ba abin da kike zato ba ne.

Amma tambaya ɗaya zan yi miki, na gaji da haɗiye ta. Me na yi miki? Ko me gidan nan ya yi miki? In laifina ne ki faɗa, in ba ki haƙuri tun ina da sauran hankali.

Yayarki mai surutu,
Tokie


Aomori, 9 ga Satumba, 2004

Yaya,

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Sau huɗu ina farawa ina yagewa.

Kohei ya tafi. An tara mu a filin bariki, an raba mana ƙananan tutoci. Ban iya ɗaga tawa ba. Na faɗa masa maganar safa, ya yi dariya ya ce, "Kaka, kin zama kwamanda ke nan?" Ya shiga mota bai waiwayo ba, irin na Yaya Seikichi.

Akushin ya iso. Na buɗe kwalin a ƙofa, sai ga ni zaune a ƙasa. Ba ki yi mini komai ba. Ni ce na yi.

Kin tuna ranar da murfin ya bushe? Watan Maris ne, shekarar ƙarshe ta yaƙi. An kwashe ku 'yan makaranta zuwa dutse tonon saiwar itatuwa, wai za a tatsi man jirgin sama. Inna ta zuba wa Yaya rabonsa, yanka biyar na ƙullun dusa a ruwan ganyen dankali, ta rufe, ta tafi ɗebo ruwa. Ni kaɗai ce a ɗakin. Yunwa nake ji har kunnena yana ƙara. Na ce yanka ɗaya zan ci. Na ci uku, na shanye romon, na cika akushin da ruwan randa don kada a gane. Sai na ga murfin yana ɗiga a tabarma, na tsorata, na goge shi tas da hannun rigata na mayar.

Inna ta dawo ta durƙusa ta ɗaga. Ta daɗe tana kallonsa, ta shafa cikinsa da yatsa. Ta ce, "Seikichi ya tafi." Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ninke kayansa. Ina tsaye a bayanta da ƙullun ɗanta a cikina, na kasa cewa ni ce. Ban ƙara jin dariyarta ba tun daga ranar.

Kuma ta gane, Yaya. Washegari ta zuba a jan akushin nan, ta turo shi gabana ta ce, "Ci." Haka kullum, har yaƙi ya ƙare. Ba ta zage ni ba, ba ta doke ni ba, wannan ne horona: in ci rabon wanda na kashe mata. Ina ci tana kallona. Shi ya sa ko warin hittsumi na ji sai in ture kwanon, shi ya sa ba na iya zama a gaban murhun nan.

Na san hankali ba zai ɗauki cewa murfi yana kashe mutum ba. Ni ma na yi makaranta. Amma ki ce in zuba wa Kohei da wannan hannun, in ɗaga murfi kullum? Ba zan iya ba. Tun da ya tafi ni kaɗai nake cin abinci, a tsaye, a gaban firiji.

Yanzu kin sani. In kin fasa gayyatar ba zan ga laifinki ba.

Mitsue


Numasawa, 14 ga Satumba, 2004

Mitsu, auta, sakarai,

Gaisuwa a taƙaice yau. Na karanta takardarki a bakin ƙofa, na yi kuka, na yi dariya, har Tsune ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Lafiya, ko kin fara ruɗewar ne tun kafin a kai ki?"

Saurara. Kin san sanyin ɗakinmu a watan Maris, kin kuma san irin romon da muke sha, ruwa ne da aka nuna wa wuta. Wane gumi zai yi? Rabin kwanakin nan murfin a bushe yake. Ni ce nake fakar idon Inna in kifa shi a bakin buta mai tafasa har tururi ya jiƙa shi, in mayar. Wata bakwai ina yi. Ranar da aka kai mu dutse, tun a hanya gabana yake faɗuwa. Na dawo na tarar kayan Yaya a ninke. Shekara hamsin da tara ina cewa da ban tafi ba, da na yi ƙaryar ciwon ciki. Ashe ke ma kina can kina ɗauke da naki. Da mun buɗe baki tun muna yara, da mun raba kayan biyu.

Takardar gwamnati da ta zo bayan yaƙi, ba wanda ya karanta miki ita. Tun watan Nuwamba ya rasu, a wani tsibiri, kuma ba harsashi ba ne, yunwa ce. Wata huɗu ina yi wa mamaci gumi da buta.

Zancen horo kuwa, ban san inda kika samo shi ba. Ranar, bayan kin fita, Inna ta kama hannuna ta nuna mini akushin. Ta ce, "Biyar na zuba, biyu suka rage. Dubi wuyan yarinyar nan, Tokie. Wancan hannuna ba ya kaiwa gare shi. Wannan yana kaiwa." Ba ta san goge murfin da kika yi ba, ta yarda ɗanta ya tafi, wannan gaskiya ne. Amma kallon da take yi miki kina ci, ƙirga lomarki take yi. Inna ba ta iya magana ba, ke kuma kika gado ta.

Saura farantin gefen taga. Harumi ba ta da lura, irin uwarta. Yaya yana da wurinsa tare da Inna da Baba a gaban allon sunayen magabata, can nake sa masa shinkafa da turare. Farantin matafiyi na mai rai ne wanda ake jiran dawowarsa, kuma inda yake ake fuskantar da shi. Yaya kudu aka kai shi. Tagar nan arewa take kallo, wajen Aomori. Tun ranar da kika ɗauki akwatinki kika tafi aiki kina da shekara ashirin Inna ta fara zuba miki a baƙin akushi, da ta rasu na ci gaba. Ban taɓa kifa murfinsa a buta ba. Bai taɓa bushewa ba.

An ce a gidan tsofaffi ba a yarda da wuta a ɗaki ba, abinci kuma a faranti ɗaya ake kawo wa kowa. Ban san yadda zan yi da naki a can ba. Wannan ne kawai yake damuna a tafiyar.

Kabewa ta nuna, garin alkama ya rage mudu guda. Ba zan sake roƙonki ba.

Yayarki,
Tokie


Aomori, 20 ga Satumba, 2004

Yaya,

Jiya na zuba wa Kohei a jan akushin, na juya shi yamma, wajen Iraƙi. Murfin ya yi gumi. Na ɗora buta a wuta a gefe ko da za a buƙace ta.

Jirgin ƙarfe goma da rabi zan shigo ranar Asabar. Ki kwaɓa ƙullun amma kada ki yaga, ban taɓa koya ba, sai kin nuna mini.

Ki ɗauke farantin daga gefen taga. Ki zuba mini a kwano marar murfi.

Ƙanwarki,
Mitsu